Tsibirin Man: inda sai an karanta doka a kan tudu kafin ta zauna

Ga wanda bai taɓa jin sunan Tsibirin Man ba, wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar tekun da ya raba Ingila da Ailan, in kana duba taswira a waya sai ka buɗa da yatsu sosai kafin ya fito. Mutanensa 84,069 ne a ƙidayar 2021, faɗinsa kuma murabba'in kilomita 572, wato dai ƙananan hukumomi da yawa a Kano sun fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Amma wurin nan yana da majalisar dokokinsa da alƙalansa da takardun kuɗinsa da harajinsa, kuma abun da ya ɗaure min kai tun kafin in je shi ne wai ba ya cikin ƙasar Birtaniya, ba shi da wakili ko ɗaya a majalisar Landan, sannan kuma ba ƙasa ba ce mai kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. To shi mene ne kenan? Shi ya sa da yayan wani abokina da ke aikin jinya a can ya ce in zo in ga bikinsu na watan Yuli ban tsaya wani dogon lissafi ba, na yanki tikiti.

Daga Liverpool na shiga jirgin ruwa, wani mai gudu da ake kira Manannan, tafiyar ba ta cika awa uku ba. Kamfanin jirgin tun 1830 yake wannan jigila, kuma a 2018 gwamnatin tsibirin ta saye shi kacokan kan fam miliyan 124, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, wurin da kusan duk abin da ke kan kanta a jirgi yake zuwa ba zai so wani can ya riƙe masa maƙogwaro ba. Babu wanda ya buga min hatimi a fasfo, bizar Birtaniya da nake da ita ta wadatar. Abu na farko da ya fara nuna min cewa na bar Ingila saƙo ne da ya faɗo a wayata wai yanzu fa ina kan layin wata ƙasa kuɗin data ya canza, na biyu kuma canjin da aka ba ni a shago, takardar fam ɗaya mai hoton ƙafafu uku a haɗe, alhali Ingila ta daɗe da daina buga takardar fam ɗaya. Yaya ya ce min, "Ka kashe su nan kafin ka koma ƙanena, a nan ana karɓar kuɗin Ingila amma can ba mai karɓar nasu."

Douglas ce babban birni. Doguwar hanya ce a bakin teku da jerin tsofaffin otal-otal, da taragon da doki ke ja a kan dogo tun 1876 har yau ba a daina ba. Sanyi dai ko a Yuli sai da na nemi rigar sama, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, lissafin Magariba da Isha'i da Asuba ya zama aiki.

Tarihin a taƙaice, don in ba shi ba ba za a gane sauran ba. 'Yan Viking daga Norwe ne suka mamaye wurin, su suka kawo al'adar taruwa a fili a yanke hukunci, wadda ita ce ta zama majalisar da ake kira Tynwald. A 1266 Norwe ta sallama tsibirin ga Sikotland, aka yi ta ja-in-ja da Ingila, har a 1405 sarkin Ingila Henry na huɗu ya ba wani John Stanley shi kyauta, gaisuwar da aka ɗora wa gidansu ita ce su kawo shaho biyu duk ranar da aka naɗa sabon sarki. Haka aka tafi ɗaruruwan shekaru tsibirin yana hannun gida ɗaya, daga baya ya koma hannun 'yan uwansu na gidan Atholl ta hanyar gado. Sai fasa-ƙwauri ya yi ƙamari, a sauke shayi da taba da barasa a tsibirin da ɗan haraji kaɗan, dare ya yi a tsallaka da su Ingila a kwalekwale, baitulmalin Landan na ta asara. A 1765 gwamnatin Birtaniya ta biya gidan Atholl fam 70,000 ta karɓe sarautar. Daga nan ne sarkin Ingila ya zama shi ne ubangidan tsibirin, Lord of Mann suke ce masa, kuma ko Sarauniya Elizabeth ta biyu da take mace haka suka kira ta duk tsawon mulkinta. Amma sarautar aka saya, ba a haɗe ƙasar da Birtaniya ba, majalisar tana nan yadda take. Su suna cewa ita ce majalisa mafi daɗewa a duniya da ba a taɓa katse zamanta ba, har sun yi bikin cika shekara 1,000 a 1979. Mutanen Iceland suna da ja a kan wannan magana, amma dai wannan rigimarsu ce.

Ginin majalisar na kan wani ɗan hawa a tsakiyar Douglas, fari ne mai zagaye, su da kansu kek ɗin biki suke kiransa. Abun da ya fara ba ni mamaki ƙofar ce. Ba soja, ba motar sulke, ba shingen ƙarfe, na shiga na ce ina so in ga ciki aka haɗa ni da wasu baƙi wata mata ta zaga da mu kyauta. Zaure uku ne. Na farko na wakilan da jama'a ke zaɓa, House of Keys, mutum 24 daga mazaɓu 12, kowace mazaɓa biyu, ana zaɓe duk bayan shekara biyar. Na biyu na wata ƙaramar majalisa ce ta sama mai mutum 11, takwas daga ciki 'yan Keys ne ke zaɓarsu ba jama'a ba, sai shugaban Tynwald, sai babban lauyan gwamnati wanda yake magana amma ba ya jefa ƙuri'a, sai kuma bishop na cocin Ingila. Eh, limamin coci a majalisar dokoki da kujerarsa, kuma an daɗe ana ce-ce-ku-ce a kan ko ya dace wanda ba wanda ya zaɓa ya riƙa jefa ƙuri'a a kan doka. Zaure na uku shi ne inda duka biyun ke haɗuwa sau ɗaya a wata su zama Tynwald, nan ake maganar kasafin kuɗi da manufofin gwamnati da yi wa ministoci tambayoyi. Ko a nan ɗin ma a ɗaki ɗaya suke zaune amma ƙuri'ar kowane ɓangare daban ake ƙirgawa.

Na tambayi matar nan ina jam'iyya mai mulki ke zama ina 'yan adawa, ta yi murmushi ta ce ai ba haka ake zama ba, kowa inda aka ware wa mazaɓarsa yake zama. A zaɓen 2021 cikin kujeru 24 ɗin nan 21 'yan indifenda ne suka ci, jam'iyyar Leba ta tsibirin ta samu biyu, wata Liberal Vannin ta samu ɗaya, mata 10 suka shiga wanda ba a taɓa yi ba. Bayan zaɓe sai su 24 ɗin su zaɓi babban minista a cikinsu, a wancan karon Alfred Cannan suka zaɓa, shi kuma ya ɗebo ministocinsa daga cikin 'yan majalisar. Ba firamare, ba daliget, ba uban gida da zai ɗaga hannunka. Kujerar babban ministan ma ba tsohuwa ba ce, a 1986 aka fara ta da Miles Walker.

Da farko abun ya burge ni ƙwarai, amma da na zauna da Yaya da wani maƙwabcinsa dattijo ɗan asalin tsibirin, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, sai na ji ɗaya gefen. Na ce masa, "Baba, ai ku kun huta da rigimar jam'iyya." Ya ce in daina saurin yabo. Wai matsalar ita ce ranar zaɓe kana zaɓar mutum ne kawai, ba ka san wace gwamnati za ta fito ba, ba ka san wa zai zama babban minista ba ballantana abin da zai yi, kowane ɗan takara da tasa takardar alƙawarin kuma ba wanda zai iya cika ta shi kaɗai. Sannan ga ƙarancin mutane, in ka cire ministoci ka cire waɗanda aka ba muƙami a cikin ma'aikatu a matsayin mataimaka, waɗanda suka rage ba su da yawa, to wa zai tsaya ya ce wa gwamnati ba ta yi daidai ba alhali kusan kowa da ɗan abin da yake riƙe da shi a cikinta? Ya ce har sai da suka ɗauko wani tsohon akawun majalisar Landan, Lord Lisvane, a 2016 ya duba musu tsarin ya ba da shawarwari, aka ɗauki wasu aka bar wasu. Ni a ganina dattijon nan yana da gaskiya. Inda kowa ya san kowa ɗan siyasa ba ya iya ɓuya, za ka gan shi a layin biyan kuɗi a kanti ka tare shi da maganar ramin da ke titinku, amma kuma a irin wannan wurin ne kunya da sanayya ke rufe bakin mutane, wanda za ka tona wa asiri a majalisa ƙila surukin maƙwabcinka ne.

Na hau tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi zuwa Castletown a kudu, nan ce tsohuwar hedikwata kafin a koma Douglas. Akwai ganuwar Castle Rushen, gabanta kuma ɗan ƙaramin gidan da 'yan Keys ke zama a da, yanzu gidan tarihi ne. A nan na ji cewa kafin 1866 ba wanda ke zaɓarsu, in ɗaya ya mutu su ne za su kawo sunan wanda zai gaje shi, gidajen masu gonaki da masu kuɗi kawai ke juya abun. A 1864 wani ɗan jarida James Brown mai jaridar Isle of Man Times ya caccake su a rubuce, suka kira shi gabansu suka yanke masa wata shida a kurkukun ganuwar nan wai ya raina majalisa, kotu a Landan ta ce ba su da wannan hurumin aka sake shi har ya ci diyya. Bayan shekara biyu aka yi ciniki da Landan ta hannun gwamna Henry Loch, ku yarda jama'a su riƙa zaɓenku mu kuma mu sakar muku wani ɓangare na kuɗin kwastan ku yi aiki da shi. Da haka zaɓe ya shigo, ta ƙofar kuɗi. Kuma da suka fara sai suka wuce iyayen gidan nasu, a 1881 suka ba mata masu mallakar gida ko fili damar jefa ƙuri'a, Birtaniya ba ta yi haka ba sai 1918, a 2006 kuma suka sauke shekarun zaɓe zuwa 16.

Sai ranar da na zo dominta. Duk 5 ga Yuli, in ta faɗo Asabar ko Lahadi a ɗaga zuwa Litinin, majalisar gaba ɗaya takan bar gininta ta tafi wani ƙauye St John's a kan hanyar garin Peel da ke yammacin tsibirin ta yi zama a fili. Ranar hutu ce. Muka shiga bas tun da hantsi ni da Yaya da Anti da yaransu, bas cike, kusan kowa da ɗan reshen wani ganye mai fari-fari a ƙasa maƙale a ƙirji, wai tun zamanin da ake sa shi don kariya, wata tsohuwa ta miƙo wa Anti ɗaya ta karɓa ta riƙe a hannu dai ba ta maƙala ba. Filin shi ne coci a gefe ɗaya, tudu a ɗaya gefen, da doguwar hanya a tsakani da tutoci a jere, an shimfiɗe ta da ɗanyen ciyayin fadama. Tudun ba wani babba ba ne, bai fi mita uku da rabi ba, an yanka shi hawa huɗu kamar matakala a zagaye duk ciyawa, an kafa rumfa a samansa, ana cewa an haɗa shi ne da ƙasar da aka ɗebo daga gundumomi 17 na tsibirin. Bayan fili kuma kasuwa ce ta ci, masu sayar da abinci, masu kaɗe-kaɗe, rumfunan ƙungiyoyi, yara da askirim. Wanda ya san ranar hawa a garuruwanmu zai gane yanayin, sai dai nan ba doki ba algaita.

Bayan sun gama addu'arsu a coci suka fito a jere, a gaba wani na ɗauke da tsohon takobin sarauta tsaye tsininsa sama, bayansa wakilin sarki, wato Laftanar Gwamna, lokacin Sir John Lorimer ne tsohon janar na soja. Wanda ya karanta tarihin Arewa ya san wannan suna, bayan haɗewar 1914 mai riƙe da lardunan Arewa ma Laftanar Gwamna ake ce masa, kuma a tsibirin nan ma a da haka yake, shi ne wuƙa shi ne nama, shi ke riƙe da kuɗi da 'yan sanda, shi ke shugabantar majalisa. Ba a kore shi rana ɗaya ba, a hankali aka riƙa zare masa iko ɗaya bayan ɗaya, a 1980 ya bar shugabancin majalisar sama, a 1990 ya bar na Tynwald aka zaɓi Charles Kerruish, yanzu sai a wannan rana kaɗai yake hawa can ƙololuwa ya zauna, in dai ba sarki ko wani ɗan gidan sarauta ne ya zo da kansa ba. Kowa da hawansa a tudun, gwamna da 'yan majalisar sama a can bisa, 'yan Keys a ƙasa da su, sai sauran masu muƙamai da limaman coci da shugabannin ƙananan hukumomi har zuwa ƙasa.

Sai aka yi shela kowa ya natsu, kada wanda ya ta da rigima ko hayaniya, manyan alƙalai biyu da suke kira Deemster suka miƙe da jajayen riguna da hular gashin nan ta alƙalai, suka fara karanto sunan kowace doka da aka yi a shekarar da ɗan bayanin abin da ta ƙunsa, da Turanci da kuma Manx, harshen asalin tsibirin. Ina tsaye ina jin ana karanta sunayen dokoki a lasifika iska na kaɗa rumfa, wasu na saurare wasu na cin dankali, na ce wa Yaya wannan ai al'ada ce kawai ta nishaɗi. Ya ce a'a, doka ce, duk dokar da ba a karanta a kan tudun nan ba cikin wata 18 da amincewar sarki to ta mutu, ta daina aiki. Wallahi wannan ya tsaya min a rai. Ba wai don mutane na fahimtar dokar daga jimla biyu da aka karanto ba, ai ba sa yi, amma dai an tilasta wa masu mulki sau ɗaya a shekara su fito rana ko ruwa su tsaya gaban jama'a su lissafa abin da suka ɗora musu.

Harshen Manx ɗin ma da labarinsa, mutum na ƙarshe da ya tashi da shi a matsayin harshen uwa, Ned Maddrell, ya rasu a 1974, amma aka farfaɗo da shi, makarantar firamaren da ake koyar da komai da shi tana nan tsallaken titi daga tudun. Alƙalan kuma rantsuwarsu ta kama aiki tana da ban dariya da ban sha'awa, alƙali zai rantse zai tsaya tsakanin masu shari'a daidai wa daida kamar yadda ƙashin bayan kifin herring yake kwance a tsakiyar kifin. Mutanen da kamun kifi ya raina kenan.

Abun da ya fi komai burge ni ya zo ne bayan karatun. Aka ce duk mai koke ya matso. Sai ga mutane 'yan kaɗan, ba manya ba, talakawa da kayan gida, sun biyo hanyar nan mai ciyayi ɗaya bayan ɗaya kowa da ambulan a hannu, wani dattijo na tafiya a hankali da sanda ba wanda ya ce ya yi sauri, akawun majalisa na tsaye a gindin tudu yana karɓa, ya haɗa ya hau ya miƙa wa gwamna. Wannan haƙƙi ne tsoho, kana da damuwar da ka bi duk hanyoyi ba ta warware ba, ka rubuta ka kawo da hannunka a gaban kowa. Ba wai an biya maka buƙata kenan ba fa, wani kwamiti ne zai duba ko koken ya cika ƙa'ida, in ya cika sai an samu ɗan majalisar da zai ɗauka ya kai zaure, da yawa a nan suke kwanciya, amma akwai waɗanda suka kai ga kafa kwamitin bincike har aka canza doka. Dattijon maƙwabcin Yaya ya ce shi bai taɓa kaiwa ba amma duk shekara yana zuwa ne don ya ga su wa suka fito, don kafin yamma duk tsibirin ya san wane ya kai ƙarar wace ma'aikata.

To ina Landan take a duk wannan? Tana nan, ba ta cika magana ba ne kawai. Tsaro da hulɗa da ƙasashen waje a hannunta suke, tsibirin na biyanta wani abu duk shekara saboda haka. Duk dokar da Tynwald ta yi sai ta bi ta ma'aikatar shari'a ta Birtaniya an duba kafin a sa mata hannun sarki, ko da yake tun 1981 yawanci gwamnan ne ke sa hannun a madadinsa. Kuma majalisar Landan na riƙe da cewa in ta ga dama za ta iya yi musu doka kai tsaye, ta taɓa yi ma, a 1967 lokacin da wani gidan rediyo mara lasisi, Radio Caroline, ke watsa shirye-shirye daga jirgin ruwa a gaɓar Ramsey, Tynwald ta ƙi yarda da dokar hana shi, Landan ta ɗora musu ita ta ƙarfi. Haka maganar bulala, sun ci gaba da yi wa masu laifi bulala bayan Birtaniya ta daina, sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 1978 sannan abun ya mutu. Wani lokacin kuma bambancin dokar ne ke kawo musu kasuwa, a 1904 da Ingila ta hana tseren mota a kan titi su sai suka yi dokar rufe hanyoyinsu, daga nan aka samu tseren babur na TT tun 1907, zagaye ɗaya kusan kilomita 60 a kan titin da mutane ke bi kullum, ta gaban gidaje da shaguna, hanyar nan ta ci rayuka sama da 250 a tsere daban-daban kuma har yau ba su fasa ba. Ko a ranakun da ba tsere akwai hanyoyin bayan gari da ba su da iyakar gudu sam, da muka bi ta kan dutse a motar Yaya babura na wuce mu kamar walƙiya Anti sai salati take.

Amma ainihin ƙarfinsu da rauninsu duk a haraji yake. Yawancin kamfanoni sifili suke biya a kan riba, ba harajin gado, mafi girman harajin albashi kashi 20 da 'yan kai ne alhali a Ingila yana kaiwa 45. Shi ya sa titin Athol a Douglas ya cika da bankuna da kamfanonin inshora da ofisoshin lauyoyi, ga kamfanonin caca ta intanet, ga rajistar jiragen sama na attajirai. Da wannan kuɗin suke riƙe asibiti da makarantu ba tare da sun je Landan da ƙoƙon bara ba, kuma ni a fahimtata wannan ne ya sa ake barinsu su yi abin da suke so, wanda ba ya roƙonka ba ka cika samun bakin yi masa faɗa ba. Na tuna ƙananan hukumominmu da kundin tsarin mulki ya ba su komai a rubuce amma sai da aka je Kotun Ƙoli a 2024 a kan a bar musu kuɗinsu su taɓa da hannunsu. Sai dai kada a ɗauka tsarkaka ne, sunan tsibirin ya fito da yawa a tonon asirin Paradise Papers na 2017 kan yadda masu kuɗi ke shigo da jirage ta nan don kauce wa haraji, kuma kuɗin da ake ɓoyewa a irin waɗannan wurare wani lokacin daga ƙasashe irin namu ya fito. In ka ɗauko maganar sai ka ga fuska ta ɗan canza, a ce maka ai yanzu an gyara ana musayar bayanai da sauran ƙasashe, wanda gaskiya ne an yi gyare-gyare, amma mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Sannan harajin kayan masarufi a tukunya ɗaya suke zubawa da Birtaniya a raba, a 2009 Landan ta sake lissafin rabon, dare ɗaya tsibirin ya rasa sama da fam miliyan 100 a shekara, ba su da yadda za su yi sai tsuke bakin aljihu. Akwai 'yan kishin ƙasa na Mec Vannin da ke son cikakken 'yanci, duk 2 ga Janairu suna taruwa a Hango Hill inda aka harbe Illiam Dhone, wani ɗan tsibirin da suke ɗauka gwarzonsu, a 1663, amma yawancin waɗanda na yi hira da su ba su da wannan zafin, sun fi damuwa da tsadar haya da layin ganin likita da kuɗin jirgi.

Daren da zan taho muna cin tuwon semo da miyar kuka da Anti ta yi da busasshen kifin Peel, wanda gaskiya ya shiga miyar fiye da yadda na zata, na tambayi Yaya ko shi duk wannan kallo kawai yake yi tunda baƙo ne. Ya tashi ya ɗauko min wata takarda a durowa, sunansa ne a rajistar masu zaɓe. Ashe a tsibirin ba a tambayar fasfo ɗin wace ƙasa kake riƙe da shi, in ka kai shekara 16 kuma ka yi wata 12 kana zaune a nan shikenan kana da ƙuri'a. Ya ce lokacin zaɓe 'yan takara da ƙafarsu suke bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, ba 'yan rakiya ba jiniya, ɗaya ta zo ana yayyafi ta tsaya a bakin ƙofa da lema yana yi mata ƙorafin bas ɗin da ke kai shi asibiti aikin safe an canza masa lokaci, ta rubuta a ɗan littafinta ta ba shi lambar wayarta.

Na ce, "To Yaya an gyara lokacin bas ɗin?"

Ya ce, "Ina fa, har yanzu da ƙafa nake ƙarasawa. Amma ta kira ni ta faɗa min dalili, kuma na san gidanta."